Jinyar Ƙanena Mamuda da Yaran da Suka Daina Cin Abinci

Da sunan Allah nake farawa. Wannan labarin jinyar ƙanena Mamuda ne. Na rubuta shi bayan ya samu sauƙi, kuma da saninsa. Ya ce in faɗi komai yadda ya faru, sunan asibiti da na tungarsu kawai zan ɓoye.

Sunana Kulu. A Bagudo nake aure, sana'ata sayar da bandan kifi, duk ranar kasuwa ina garin Lolo. Mamuda shi ke bi mini, uwa ɗaya uba ɗaya. Masunci ne kamar mahaifinmu, yana zaune a wata tunga, wato ƙauyen masunta, bakin kogin Kwara, ba nisa da iyakar Benin. Matarsa Lantana 'yar can ƙetaren iyaka ce. Suna da yara biyu, Saratu mai kimanin shekara tara, da Nuhu wanda bai isa shiga makaranta ba.

Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shiga tungar, amai da gudawa suka kama Lantana. Kwana ɗaya ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Mamuda bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi godiya, kowa yana yaba haƙurinsa.

Ranar sadakar bakwai na fara ganin abin da ban gane ba. Wata maƙwabciya ta aiko da tuwo, ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya bayan danga ya zubar. Na tambaye shi, ya ce ya yi tsami. Ban ja maganar ba.

Kasuwa biyu suka wuce bai kawo mini kifi ba, sai na hau mashin na je tungar. Na tarar ya ɗauke murhu daga tsakar gida ya shigar da shi ɗaki. Yaran suna zaune a ciki, hayaƙi ya cika musu ido. Na kwance leda na miƙa wa Nuhu ƙosan da na sayo a hanya. Mamuda ya riƙe hannun yaron, a hankali, ya zare ƙosan ya mayar mini.

"Yaya, wa ya soya wanga?"

"Mai ƙosai ta bakin tasha mana. Mi ya faru?"

"Kin san ta? Kin san wanda ya tsaya kusa da kaskonta?" Ya rage murya. "Lantana ba ciwo ya kashe ta ba. Guba anka ba ta cikin abinci. Yanzu yaran suka rage musu."

"Su wa?"

"Sun san kansu."

Ina so mai karatu ya san wani abu tun yanzu. Mamuda bai taɓa ɗaga hannu ya doki yaran nan ba. Shi ke yi musu wanka, shi ke wanke kayansu, har kitso ya koya yana yi wa Saratu, duk a karkace. Wanda ya gan shi da su zai ce babu uba kamarsa. Wannan ne ya sa hankalinmu duka ya tafi kansa shi kaɗai.

Makonnin da suka biyo baya abin ya yi ta gaba. Ya hana Saratu zuwa makaranta saboda ana sayar da abinci a bakin ƙofa. Ya daina sayen gishiri da mai. Gero ma ya ce an taɓa shi a wajen niƙa. Kifin da ya kama da hannunsa kawai yake gasa musu, ruwa kuma sai wanda ya ɗebo a tsakiyar kogi. Maƙwabta suka ce ba ya barci, yana ta kewaya ɗaki yana magana shi kaɗai.

Shawara kuwa ba irin wadda ban sha ba. Baffa Sanda, ƙanen mahaifinmu, ya ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, a yi hayaƙi. Aka yi, ba a ga komai ba. Aka karɓo rubutu wajen malami, Mamuda ya ce ba ya shan abin da ya fito daga hannun wani. Wasu suka ce akwai mai magani a ƙetaren iyaka da ba a kai masa irin wannan a dawo da shi yadda yake. Na sayar da akuya na tafi in gani da idona. Na tarar da maza a ɗaure da mari a gindin itace, rana tana dukansu, wani yana kuka yana kiran uwarsa. Na gaida mai gidan, na ce zan dawo, ban koma ba.

Na je asibitin kusa da mu ni kaɗai, tunda shi ba zai biyo ni ba. Na bi layi tun safe har azahar. Da na shiga, ma'aikacin ya saurare ni, ya ce wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, su ba su da likitansa, sai babban asibiti a birni. Ya yi mini kirki, ba zan ce bai yi ba. Amma bai tambayi ko akwai yara a gidan ba, ni ma ban ga dalilin tsawaita maganarsu ba.

Muna cikin neman kuɗin mota sai aka aiko mini cewa Mamuda ya kwashi yaran a kwalekwale ya koma wani tsibiri a tsakiyar kogi. Muka tafi da hantsi, ni da Baffa Sanda da masunta biyu. Ya kafa 'yar bukka da kara da tsohon taru. Ya rame, idonsa ya yi ja, magana tana zuba daga bakinsa ba tsayawa. Masuntan sun zo da igiya, na roƙe su su bar ta cikin jirgi.

Na zauna kusa da shi na ce, "Mamuda, a birni akwai masu auna jini su gane ko an ba mutum guba. Ka zo a auna ka, mu samu shaida a hannu."

Ya ce, "Yaran fa?"

"Inna Kande za ta riƙe su."

Inna Kande maƙwabciyarsu ce, tsohuwa, aminiyar Lantana tun zuwanta tungar. Ya yarda. Kafin mu shiga mota ya ja Saratu gefe, ya durƙusa ya yi mata magana a kunne, ya miƙa mata ƙaramin buhun busasshen kifi. Na ɗauka sallama ce ta uba da 'yarsa.

Asibitin birni ya wahalar da mu. Layin kati daban, layin ganin likita daban, wani mai gadi yana daka mana tsawa yana cewa mu matsar da mahaukacinmu daga hanya, Mamuda yana ji. Ba a samu gado ba sai washegari. Magani rabi a ciki, rabi sai ka fita waje ka saya da tsada. Amma likitan da ya gan mu, Allah ya saka masa da alheri, bai yi gaggawa ba. Ya bar Mamuda ya faɗi duk abin da ke ransa. Da muka keɓe ya gaya mini wata magana da har yau ban manta ba. Ya ce, "Abin da yake tsoro ba gaskiya ba ne, amma tsoron da yake ji gaskiya ne. Kada ku yi masa gardama, kada kuma ku ce masa haka ne."

Aka kwantar da shi, aka yi masa allura, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Abincin asibiti ya ƙi, nawa ma ya ƙi. Dafaffen ƙwai kawai yake ci, wanda zai duba ɓawonsa ya ga ba tsaga ya ɓare da kansa, da ruwan leda. Ni dai na samu natsuwa. A ganina an kai mai ciwo inda ya dace, saura addu'a.

Mun kusa mako a can sai wata nas da ake kira Malama Talatu ta same ni ina wanke kwano a bakin famfo. Babbar mace ce, ba ta da yawan fara'a.

Ta ce, "Saratu da Nuhun da yake ta kira, su wane ne?"

"'Ya'yansa ne."

"Ina suke?"

"Suna gida, wajen maƙwabciya."

"Suna cin abinci?"

Na yi dariya. "Mi zai hana su ci? Ai mai hana su shina nan kwance."

"Kin gani da idonki?"

Na ce ban gani ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Baiwar Allah, mutumin nan ya yi watanni yana gaya wa yarinya ƙarama cewa abincin mutane ne ya kashe uwarta. Kun ɗauko shi kun kawo nan. Maganar da ya zuba mata a kunne, ita ma kun ɗauko ta?"

Ta ce duk babban da aka kwantar a sashensu, wajibi ne a tambayi yaran da ke hannunsa, wa ke tare da su, me suka gani, me aka gaya musu. Ta ce tun ranar farko ya kamata a tambaye ni, cunkoso ya sa aka tsallake, kuma wannan kuskurensu ne. Muka kira Inna Kande a wayar ɗanta. Tsohuwa ta ce lafiya lau, kullum tana kai musu abinci ɗakin ubansu inda suka fi son zama, kwano kuma fes yake dawowa. Na ce to kin ji. Malama Talatu ta ce duk da haka in tafi, yau ba gobe ba.

Raina ya ɓaci. Kuɗin mota ba a ƙasa ake tsintarsa ba, kuma wa zai zauna da majinyaci? Sai da Baffa Sanda ya zo ya karɓe ni sannan na kama hanya, ina ta mita a mota.

Na isa tungar bayan azahar. Nuhu yana kwance a tabarma, leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa, zawo ya ɓata masa wando. Saratu tana zaune a kansa tana kore masa ƙuda. Wuyanta ya zama kamar kara. A jikin zanar bayan ɗakin akwai wata kafa, a wajen kuma agwagin maƙwabta sun yi sansani. Nan tuwon Inna Kande yake tafiya kullum. Kifin da uban ya bar musu ya ƙare tun kwanaki. Ɗanyar gyaɗa Saratu take tonowa a gonar wani, su sha ruwan kogi. Tsohuwar ba ta gani sosai, in ta leƙo Saratu takan ce Nuhu barci yake. Da tsohuwar ta fahimci abin da ya faru sai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Na ce, "Saratu, mi Baba ya ce miki ranar da munka tahi?"

Ta ce, "Ya ce kada mu ci na kowa har ya dawo. Ya ce amanar Nuhu tana hannuna."

Na sa aka kawo kunu, na sha a gabanta, na ce ga shi ban mutu ba. Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, ke babba ce, ba ta kama manya da wuri. Innarmu ma sai da ta kwana."

Na ajiye kunun gefe. Na tuna abin da ubanta yake ci a asibiti, na aika aka samo ƙwai. Ita ta ɗebo ruwa, ita ta hura wuta, ita ta dafa, ta juya kowane ɗaya tana duba ɓawonsa kafin ta ba Nuhu. Washegari na ɗauke su duka biyu muka koma birni.

Aka kwantar da Nuhu a sashen yara, aka yi masa ƙarin ruwa. Likitan can ya ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya canza. Saratu ta ƙi barin bakin gadon. Duk cokalin da aka nufo bakinsa da shi sai ta tare. Malama Talatu takan ratso daga sashensu in ta tashi aiki, ta zauna da ita. Ba ta yi mata wayo ba, ba ta ce Baba ya yi tafiya ba. Ta ce mata, "Babanki ba shi da lafiya. Ciwon nasa ne yake sa shi jin tsoron abinci. Innarki ciwon ruwa ne ya kashe ta, kamar yadda ya kashe wasu a tungarku. Tsaron Nuhu ba aikinki ba ne, aikin manya ne, ga Gwaggonki nan." Saratu ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai sai Baba ya faɗa da bakinsa.

A wannan makon ne Kawu Isiyaka, wan Lantana, ya zo daga ƙetaren iyaka. Da ya ga Nuhu sai ya fita waje ya daɗe. Da ya dawo ya ce, "Ɗiyan ƙanwata ne. Yau zan tahi da su, kuma ba su sake taka ƙasar nan. Kun bar su hannun wanda ba shi da hankali har sunka koma haka."

Ban ga laifinsa ba, amma na ce ubansu yana raye. Muka yi ta sa-in-sa a baranda har aka kira mu ofishin likita. Likita da Malama Talatu suka ce su ba alƙalai ba ne, amma ga abin da suka gani. Raba yaran da ubansu har abada zai cuce su, zai kuma cuce shi. Mayar masa da su shi kaɗai kuwa ba zai yiwu ba. Dole a samu babba mai lafiya da zai zauna gida ɗaya da su, wanda abinci da makaranta da asibiti za su kasance a hannunsa. Suka kuma ce ba za a kai su wajensa yanzu ba sai magani ya fara kama shi, in an kai su ma sai da wani a wurin. Wannan ta ƙarshe ta yi mini zafi, don yarinya tana rayuwa a kan ƙwai da rake tana jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Malama Talatu ta ce in aka kai ta yau, kalmar da za ta ji ita ce wadda ta riga ta ji. Gaskiya ta faɗa.

Muka jira. Kwanakin nan sun fi kowane lokaci tsawo a wurina. Ina tsakanin sashe biyu, jarina ya ƙare, mijina ya sayar da buhunan shinkafar da muka ajiye don rani. Maganin ya sa jikin Mamuda ya yi nauyi, hannunsa yana rawa, harshensa yana sarƙewa, sai da aka rage masa. Sannu a hankali ya daina maganar maƙiya. Wata rana ya karɓi shayi daga hannuna ya sha rabi.

Da likita ya ba da izini, aka haɗa su da la'asar a gindin wata darbejiya a harabar asibiti. Na dafa tuwon shinkafa da miyar kifi a murhun 'yan jinya. Malama Talatu ta zauna a benci can gefe. Nuhu ya ruga ya faɗa jikin ubansa. Mamuda ya shafa hannun yaron, ya kama tsintsiyar hannun da yatsa biyu ya ga yadda ta koma. Ya daɗe yana kallon kwanon.

Ya ce, "Saratu, har yanzu zuciyata tana gaya mini abubuwa. Likita ya ce ciwo ne. Ni ban gama sani ba. Amma na ga Nuhu." Ya wanke hannu, ya yanki loma, ya kai baki ya haɗiye. Ya yanki wata ya ba Nuhu.

Saratu ba ta motsa ba. Ta ce, "Baba, amanar fa?"

"Na sauke miki. Ki ci na Gwaggonki, ki ci na Inna Kande, ki ci na Kawunki."

Ta sa hannu ta fara ci tana kuka, ta ci da sauri har ta amayar, aka wanke mata baki ta dawo ta ci gaba.

Bayan an sallame shi, shi da yaran suka dawo gidana a Bagudo. An sayar da injin jirginsa, da shi muke zuwa birni karɓar magani. Kawu Isiyaka ya haƙura a kan yaran za su riƙa zuwa wurinsa duk hutu. Saratu ta koma makaranta, amma ta yi watanni tana sunsuna abinci kafin ta ci, in Nuhu ya yi tari kuma sai ta firgita. An ce mu bar ta ta riƙa tambaya, mu riƙa ba ta amsa ta gaskiya, haka muka yi.

Ga wanda irin wannan jinya ta same shi, abin da zan ce kaɗan ne. Ku kai majinyaci asibiti da wuri, kada ku ɗaure shi. Ku je da guzuri da haƙuri, don za a wulaƙanta ku a wata ƙofa, a mutunta ku a wata. In akwai yara a gidan, ko ba a tambaye ku ba ku faɗa. Ku zauna da su ku ji abin da aka gaya musu, kada ku tsaya a kan cewa ba a doke su ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mamuda ya tara Baffa Sanda da Kawu Isiyaka da mijina a zaure, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Ku zama shaida. In ciwon nan ya dawo, Yaya ta ɗauke yaran tun kafin a nemo mini mota. Kada ta nemi izinina. Duk abin da na faɗa a lokacin, ba ni ba ne."

Damina ta gaba ruwa ya yanke hanyar birni, magani ya ƙare, ba mu samu zuwa birni a kan lokaci ba. Na lura ya daina barci, ya fara tsayawa a ƙofar ɗakin yaran yana leƙen masu wucewa. Da safe, yana bayan gida, na ɗora su a mashin na tura su wajen Kawunsu. Da ya fito bai gan su ba, ya tsaya a ƙofar gida ya kira ni ɓarauniyar yara, ya ce ni na kashe Lantana, ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, maƙwabta suna ji. Da hanya ta buɗe muka mayar da shi asibiti. Wannan karon bai daɗe ba.

Ranar da muka dawo, muna cikin mota an kusa Bagudo, ya juyo ya ce, "Yaya, abin da na faɗa miki ranan, yaran sun ji?"

Na ce, "Ba su ji ba. Sun riga sun kama hanyar iyaka."

Ya jingina kansa da gilashi ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana 'ya'yansu.